Zaɓen Jif Mai Sauƙin Riƙo a Ƙasar Gaya da Ajingi

Jif, a bakin mutanen Kano, suna ne na kowace mota mai dogayen ƙafafu da rufaffen baya. Asalin kalmar daga ƙaramar motar sojan Amurka ne ta Yaƙin Duniya na Biyu, amma yau ta haɗe motoci iri biyu da ƙirarsu ta sha bamban. Akwai wadda aka ɗora gangar jikinta a kan shasi mai zaman kansa, kamar yadda ake ƙera motar ɗaukar kaya; nan Prado da 4Runner da Xterra suka faɗo. Akwai kuma wadda jiki da shasi a haɗe suke, wato ƙaramar mota ce aka ɗaga sama aka faɗaɗa mata ciki, irin su RAV4, CR-V, Highlander da Lexus RX. Ita Highlander ma a kan ginshiƙin Camry aka gina ta. Irin farko ya fi jure duka. Na biyun ya fi sauƙin mai da taushin zama, kuma shi ne aljihun malamin makaranta ko ɗan kasuwar hatsi ko ma'aikacin ƙaramar hukuma zai iya tunkara.

Hanya ce ke fara zaɓar mota kafin mai ita. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce babban titin Kano zuwa Maiduguri ba, ya haye gadar Wudil ya shigo Gaya ko ya zarce Dutse, ba shi da larurar jif. Corolla ta ishe shi. Larurar tana farawa ne inda kwalta ta ƙare. Hanyoyi da dama da ke shiga ƙauyukan Kademi, Shagogo da Gamarya a Gaya, ko na Toranke, Gurduba da Kunkurawa a Ajingi, burji ne ko turɓaya zalla. Da rani yashi ne mai haɗiye taya. Da damina kuwa tarakta da amalanken shanu sukan haƙe gefe biyu, su bar tsakiyar hanya ta yi tozo, kuma wannan tozon shi ke fasa kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, ya tsinke salansa. Ga Ajingi na cikin ƙananan hukumomin Kano da ambaliya ke yawan shafa a Agusta da Satumba.

Don haka abin da aka fi buƙata shi ne tazara tsakanin cikin mota da ƙasa. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da kusan santimita 19, CR-V ta 2002 zuwa 2006 ta ɗan haura 20, alhali Camry ta 2007 ba ta kai 14 ba. Jan taya huɗu, wanda direbobi ke kira fowil, wani batu ne daban, kuma ba kowace jif ke da shi ba. Da yawa daga RAV4 da CR-V da Highlander da ke kasuwa tayoyin gaba kaɗai ke ja. Gane gaskiya ba wuya: a durƙusa a leƙa ƙasa, in akwai doguwar farfela da ta tashi daga wajen giya ta nufi tayoyin baya, to fowil ce. Wani lokaci a tarar da rubutun fowil a bayan mota amma farfelar babu, domin ta taɓa yin ƙara wani bakanike ya kwance ta ya huta. Mai gona a fadama ko mai shiga ƙauye kullum da damina yana da hujjar nemanta. Sauran jama'a za su biya ƙarin mai ne kawai da ƙarin kayan lalacewa.

Sabuwar jif, ko ta Innoson da ake haɗawa a Nnewi ko Peugeot 3008 ta Kaduna, ta fi ƙarfin mai neman araha. Kasuwarsa biyu ce: 'yar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, ko da yake yawancin jif daga Amurka da Kanada suke zuwa, sai kuma ta hannu, wadda ta riga ta sha hanyoyin Najeriya. A da ta Kwatano ake shigo da mafi yawa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kuɗin mota da na kwastan suka bi ta. Masu saye da yawa suka koma kan ta hannu, inda tarihin motar ya fi sunan kamfaninta nauyi.

Duk da haka kowane samfuri yana da halinsa da aka sani. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 mai giya otomatik ta yi suna da matsalar ƙwaƙwalwar inji, wadda ke sa giya fizga, in an yi sakaci ta kashe ta gaba ɗaya. Ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 tana shan baƙin mai saboda ringin fistin, abin da aka rabu da shi da zuwan inji 2.5 a 2009. Wannan na baya shi ne mafi kwanciyar hankali a dangin. CR-V mai inji 2.4 sarƙa take amfani da ita a taimin, injin kuma yana da tsawon rai, sai dai kwamfuresan iyakwandishan na 2002 zuwa 2006 ba ya daɗewa, kuma ƙafar gaba ta Honda tana son kulawa a hanyar gargada. Highlander ta 2001 zuwa 2007 mai silinda shida bel ne a taimin ɗinta, wanda ke da wa'adin canji, ta 2008 kuma ta koma sarƙa da inji 3.5. Lexus RX300 'yar gidan Toyota ce, kayan injinta ɗaya da na Highlander ta farko, amma giyarta ta sha kunyata masu ita, musamman mai fowil. RX330 da RX350 sun fi ta dama. Nissan ita ke jan ido da sauƙin kuɗi. Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 lagiretonsu kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya, Murano kuma giyarta irin mai bel ce da ba kowane gareji ke iya taɓawa ba. A kansu ne karin maganar araha ba ta ado ta fi zama daram.

Abin da ya sa Toyota ta yi wa sauran fintinkau a wannan yanki bai tsaya ga ingancin ƙira ba. Daga Gaya zuwa Kano ya haura kilomita 60, daga cikin Ajingi ya fi haka. Ƙananan kaya irin su filogi, fatar birki, bushin da matatar mai ana samun na Toyota a kusa, a Gaya ko Wudil, kuma duk yaron gareji ya saba da kwance su. Babban abu kuwa, inji ko giya ko ƙwaƙwalwa, sai Kasuwar Ƙofar Ruwa. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran Gaya, su ne suka fara tafiya Dutsen Dala neman tama. Jikokinsu har yau birnin suke nufa neman ƙarfe, sai dai yanzu a buhu ake ɗauko shi a bayan motar haya. Motar da kayanta ke Ƙofar Ruwa kwana ɗaya za ta yi a gareji. Wadda sai an aika Ladipo a Legas tana iya shafe mako biyu a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Haka nan ranar sayarwa, Toyota ba ta rasa mai taya ta, irin abin da ake cewa sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ranar duba mota, a tafi da bakanike na kai, ban da wanda dillali ya kawo, domin dillali la'adarsa yake kallo. A je da sassafe a tarar da injin da sanyinsa; wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga kumfa fari-fari kamar kindirmo, ruwa na shiga mai, gaskit ya tafi. A zaro ma'aunin man giya, in motar tana da shi, a shinshina. Ja ne mai tsabta ake so, ban da baƙi mai ƙauri. A ɗaga dardumar ƙasa da mazaunin safaya a nemi busasshiyar laka ko tsatsa a kusoshin kujera, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a 2017, gwanjonsu ake yi su bazu duniya, kuma wayarin da ya sha ruwa ba ya warkewa. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake binciko tarihin motar Amurka a intanet, har da hatsarin da ta yi da ainihin tafiyar da ta ci, tunda juya mita baya sana'a ce. Idan aka murɗa makulli, fitilar gargaɗin inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, an kashe ƙwanta ne. A leƙa salansa ko an fafe abin da kanikawa ke kira indomi, matatar hayaƙin da ake cirewa a sayar. Gwajin tuƙi kuma a sauka daga kwalta a hau burji, a kashe rediyo, a saurari ƙafa.

Bayan saye sai ciyarwa. Kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Lafiyayyar RAV4 mai silinda huɗu tana shan kusan lita 10 a kilomita 100, Highlander mai shida wajen 12, 4Runner 13 zuwa 14. Zuwa Kano da dawowa daga Gaya, bambancin RAV4 da 4Runner ya kai lita 4 zuwa 5, kuma mai zuwa birni sau biyu a mako zai ji shi a jikinsa kafin wata ya ƙare. Tayar jif ma ta fi ta ƙaramar mota tsada, shokzoba haka.

Wasu ɗabi'u na gareji suna rage wa mota kwana. An saba cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da sunan maganin zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a Afrilu, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba ƙara shan mai yake yi. Wanke lagireto da zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon na rijiya shi ne magani. Kowace giya da irin manta, kuma zuba wa Honda man da ba nata ba kuskure ne mai tsada. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri. Man galan na 'yan bumburutu, wanda ake komawa gare shi a ƙauye, kan zo da ruwa ko datti ya kashe famfon mai.

Saura takardu. Takardar kwastan a tabbatar da ita a ofishin hukumar kafin a biya kuɗi, lambar da ke cikinta ta dace da ta jikin shasi, domin motar da aka shigo da ita ta bayan fage ana iya kama ta ko bayan shekaru. Ta hannu kuma a karɓi takardar mallaka da rasit na asali, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a canza suna a ofishin lasin. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, kuma tana cikin abin da jami'ai ke tambaya a hanyar Wudil zuwa Kano.