Ko ka sani? Gajeriyar hanyar sama daga Maraɗi zuwa Yamai ta kan Najeriya take bi

Mutumin Roumbou da ke yankin Dakoro, idan yana son hawa jirgin sama zuwa Yamai, sai ya gangaro ya iso filin jirgin Maraɗi. Daga nan zuwa filin Diori Hamani na Yamai, idan aka auna a miƙe, kimanin kilomita 535 ne. Jirgi mai farfela kan cinye su cikin awa ɗaya da ɗan abin da ya ɗora. A mota kuwa kusan kilomita 660 ne, tafiyar yini guda, da tsayuwar salla da ta cin abinci.

To amma abin da ya fi burge ni yana kan taswira. Ɗauko zare, ka danne bakinsa ɗaya a Maraɗi, ɗayan a Yamai, ka ja shi ya miƙe. Biranen biyu suna kan layi ɗaya, gabas da yamma, kusan babu wanda ya fi wani arewa. Zaren yana barin Maraɗi kaɗan sai ya faɗa Najeriya ta wajen Sabon Birni, ya ratsa arewacin jihar Sakkwato tsakanin Goronyo da Illela, ba zai dawo Nijar ba sai daf da Dogon Dutsi. Fiye da kilomita 200 ke nan a sararin samaniyar maƙwabta, alhali tashi da sauka duka a gida ne!

Dalili shi ne ƙasar Sakkwato ta kutso arewa a daidai nan. Shi ya sa babbar hanyar mota ta lanƙwasa, ta bi Madawa da Birnin Ƙonni, sannan ta gangara Dogon Dutsi da Doso. Titin ya zama baka, layin jirgin ya zama tsirkiyarsa.

Wannan lanƙwasar iyaka aikin Turawa ne. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana wani ɓangare na da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ce abin da ke cikinta na Ingila ne. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai busasshen daji. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo iyakar kudu, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Da ba haka ba, da zaren nan ya fi haka daɗewa a kan Najeriya.

Matuƙi dai ba ya bin zare yadda ya ga dama. Akwai hanyoyin da aka shata masa a sama, kuma ratsa sararin wata ƙasa sai da izininta.

Ga wani abin mamakin: filin jirgin Katsina bai wuce kilomita 80 daga na Maraɗi ba, na Kano kuwa kimanin 220.  

Saboda haka, mai karatu, ka sani cewa daga filin jirgin Maraɗi, Kano ta fi Yamai kusa fiye da ninki biyu.