Zazzagowar mahaifa: ciwon da matan Arlit ke ɓoyewa

A shirinmu na kiwon lafiya a rediyo, mata kan bugo waya su ce suna jin "wani abu ya sauko" a gabansu tun bayan haihuwa, sannan su katse layi kafin a tambaye su suna. Wannan abu shi likitoci ke kira zazzagowar mahaifa. Jijiyoyi da tsokar da ke riƙe mahaifa, mafitsara da dubura ne ke saki, har wani sashe ya leƙo waje. Ba yoyon fitsari ba ne, kuma ba aikin sammu ba ne.

Doguwar naƙuda da haihuwa kusa da kusa su ne kan gaba. Binciken ƙasa na 2012 ya ba kowace mace a Nijar haihuwa 7,6. Sai ɗaukar jarkar ruwa da daka tun ba a gama wankan jego ba, da taurin bayan gida, da tarin da ya ƙi warkewa, abin da ba baƙo ba ne a garin ƙura irin Arlit ko Akokan.

Mataki huɗu ne da ciwon. A na farko da na biyu, motsa tsokar kan rage shi. Likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana hanyar a 1948: mace ta matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ta ƙirga biyar zuwa goma, ta saki, sau goma, sau uku a rana, har wata huɗu. Kada a yi shi lokacin fitsari. A Faransa inshorar lafiya ke biyan kuɗin wannan horo bayan haihuwa; mu nan ko labarinsa da wuya a ba mai jego, kuma wannan gyara ne da ba ya cin ko dala.

In ya yi nisa, akwai zoben roba da ungozoma ko likita ke sakawa ya tallafe mahaifa, akwai kuma tiyata. Nan ne wahalar take. An rufe ma'adinin Cominak a 2021, iyalai da dama sun rasa abin hannu, ga Agadez mai cibiyar lafiyar uwa da yaro na da nisan kilomita wajen 240 a kan hanyar da ta lalace. Macen da ta ga nama ya fito, ko jini, ko fitsari ya ƙi fita, ta je asibiti ranar nan, mijinta kuma ya raka ta.