Risho Mai Yawan Mutuwa: Hattara Mai Juna Biyu

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Haɗeja, itacen girki kan jiƙe. A garuruwan fadama irin su Auyo, Kafin Hausa da Kiri Kasamma, musamman a shekarar ambaliya kamar 2022, tsakar gida kan cika da ruwa, dole uwargida ta ɗauki risho ta shige ɗaki. Haka nan da sanyin hunturu. To a nan ne mata kan fara kukan cewa risho ya cika mutuwa, a kunna ya mutu, a sake kunnawa ya mutu.

Sau da yawa laifin lagwani ne. In ya gajarce ba ya kaiwa ga kananzir, in bakinsa ya ƙone ya yi tauri ba ya jan mai. Sai a bari risho ya huce, a datse bakin da almakashi, tsayin ya zo daidai, wanda ya ƙare kuma a canza shi. A duba ƙarfen nan mai huda-huda da ake kifawa a kan lagwani, domin miya da baƙin hayaƙi kan toshe ƙofofinsa.

Sai kuma ruwa. Mata da yawa kan kashe risho ta hanyar yayyafa masa ruwa, kuma wannan ɗabi'a ce da ya kamata a bari. Ruwa ya fi kananzir nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasan tanki, lagwani ya sha, wuta ta riƙa tartsatsi tana mutuwa. Maigida ya juye man a waje, ya shanya tankin da lagwanin. Kada a ƙara kananzir alhali risho na ci ko yana da zafi. Kananzir ɗin da aka ji yana warin fetur kuwa, kada a kusantar da shi wuta, domin irinsa ne ke fashewa.

Amma abin da ya fi damun mu ma'aikatan jinya shi ne rishon da lafiyarsa ƙalau a waje, sai an shige ɗaki an rufe ƙofa da taga ya fara mutuwa. Wannan alama ce iskar ɗakin ta yi ƙaranci. Lafiyayyar wutar risho shuɗiya ce. In ta koma ja ko rawaya, tana baƙanta gindin tukunya, to man ba ya ƙonewa sosai, kuma yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba a ganin ta, ba ta da wari. Ta fi iskar oksijin kama jini fiye da sau 200, kuma jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwarsa riƙe ta. Uwa na iya jin ɗan ciwon kai kawai ta ɗauka laulayi ne, alhali ɗan ya fi ta galabaita. Yawan shaƙar hayaƙin girki ma na da alaƙa da haihuwar jariri marar nauyi. Tun a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji amfani da kananzir a gidaje. Mun san ba kowane gida ke da halin gas ba, amma buɗe taga ba ya cin kuɗi.

'Yar'uwa, in kina girki kika ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala, ki kashe risho ki fita waje nan take, ki fitar da yara. Ko da kin ji sauƙi, maigida ya kai ki Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa a ranar, balle in motsin ɗan ya ragu. Kada a jira ranar awo. Ki gaya wa ungozoma cewa a rufaffen ɗaki kika yi girki.