Ganyen Miya Da Dafin Funfuna: Abin Da Ya Kamata Ƙungiyoyinmu Su Sani

'Yan'uwa manoma, masara da gyaɗar da mata ke aunowa a kasuwar Barnawa daga gonakinmu suke fitowa, daga wajen Saminaka da Kajuru da sauransu. In mun zuba su a buhu da sauran danshi, sai funfuna ta kama su. Wata irin funfuna tana barin dafi mai suna afalatoksin. Ido ba ya ganinsa, wutar tuwo ko ta ƙuliƙuli kuma ba ta kashe shi. Hanta yake ci.

An gano wannan dafi bayan shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masara mai dafin. Wanda ke cinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana iya kamuwa da ciwon dajin hanta, balle in yana ɗauke da ciwon hanta irin na B.

To, ko akwai tsiron da ke taimakon hanta? Masana sun bincika. A gundumar Cidon ta ƙasar Sin, an ba mutum 180 magani sau uku a rana har wata huɗu. Rabinsu sun sha ƙwayar da aka haɗa daga sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, sauran kuwa ƙwayar da babu kome a ciki. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna alamar ɓarnar dafin a fitsarin rukunin farko ta ragu da kashi 55 cikin 100. Dalili shi ne sinadarin yana riƙe dafin tun a hanji, ya hana wani sashensa shiga jini. Dangin kabeji kuma suna da wani sinadari da ke zuga hanta ta fitar da guba da sauri. An gwada zogale da gangamau ma, amma galibi a kan ɓeraye da kaji.

Saboda haka mu riƙa sa alayyafo, zogale, rama da kabeji a abincin iyali. Amma a kula: miyar ganye ba ta mai da ruɓaɓɓiyar masara ta zama mai kyau. Rigakafi ya fi magani. Ga aikin da ke gaban kowace ƙungiya:

1. A girbe da zarar amfani ya nuna. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ban da ƙasa.
2. Kada a ɗura a buhu sai ƙwaya tana ƙaras a haƙori.
3. A tsince mai baƙi, mai kore da wadda ƙwari suka huda, a ƙone ko a binne. Kada a ba kaji ko shanu, gama dafin yana bi ta madara.
4. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.
5. A tambayi malamin gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta haɗa. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu ko uku kafin amfani ya yi fure.
6. A kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta.

Buhun da muka sayar, 'ya'yan maƙwabcinmu ne za su ci. Sakatarorin ƙungiya, a karanta wannan a taro na gaba kafin kaka ta yi.