Ɗana zai koma Aflawo da mota: yadda muka nemi inshora mai sauƙi ba ta bogi ba

Da aka yi sallar Isha'i sai ɗana na biyu ya shigo ɗakina, ya zauna bakin tabarma, ya miƙo mini waya. "Baba, duba ka ga, na samu mai yi mini inshora rabin kuɗi." Shekararsa 24, lasisinsa bai cika shekara biyu ba, kuma saura mako uku ya bar Kumasi ya koma Aflawo, bakin iyakar Gana da Togo, inda zai riƙe mana ƙaramin shagon atamfa yana shiga Lome ɗauko kaya. Tsohuwar Corolla ɗina na ba shi. Na karanta saƙon, na ajiye wayar, na ce ya gyara zama, akwai labarin da ban taɓa ba shi dalla-dalla ba.

Yana firamare lokacin. Ina da akori-kura mai ɗauko albasa daga arewa. Takardunta sun ƙare, ni kuma kasuwa ta riƙe ni, sai na ba wani yaro kuɗi, cikin waɗannan masu tsayawa ƙofar ofisoshin lasisi da mutanen nan ke kira goro-boyis. Kafin la'asar ya kawo sitika fes, da hatimi da komai, kuɗin kuma bai kai yadda na saba biya ba. Har godiya na yi masa. Bayan wata biyar direbana ya kwashe wani mai keke a hanyar Techiman, ƙafa ta karye wuri biyu. Na ɗauki takarda na nufi kamfanin da sunansa ke jiki. Matar da ke kanta ta duba littafinsu, ta sake dubawa, ta ce wannan lamba ba daga wurinsu ta fito ba. Kuɗin asibiti, abincin iyalinsa na watannin da ya yi kwance, zirga-zirgar ofishin 'yan sanda, duk a kaina. Filin da na saya don in gina wa uwarsu ɗaki, shi na sayar. Mutumin ya warke, amma har yau yana ɗingishi, kuma duk lokacin da na tuna, ba filin ne ke damuna ba, ƙafar ce.

Yaron ya yi shiru. Can ya ce, "To Baba, ai ni ba ni da kuɗin babbar inshora." Na ce wa ya ce sai babba? Washegari muka fita tare, kuma abin da muka koyo shi nake so in ajiye wa duk mai ɗa ko ƙane da zai yi nisa da gida da mota.

Da farko, inshorar mota iri biyu ce da ta shafi irinmu. Akwai ƙarama, wadda direbobi ke kira tad-fati. Ita doka ta wajabta, a Gana tun 1958. Ba ta gyara motarka ko kaɗan. Aikinta shi ne in ka ji wa wani rauni, ko aka rasa rai, ko ka lalata dukiyar wani, kamfani ya biya a madadinka, dukiyar kuma zuwa wani iyaka da aka rubuta a takarda. Sai babbar, wadda ke haɗawa da motarka: karo, gobara, sata. Ita ana lissafa kuɗinta ne bisa darajar motar. Motar da ta haura shekara 15, wadda kowane bakanike a Suame Magazine ke da kayanta, ba lallai ta ci babbar inshora ba. Mun zauna mun yi lissafi: in Corolla ta lotse, za mu iya gyarawa da kuɗin shago. In ya taka ɗan wani fa? Wannan ba shagon da zai iya ɗauka. Sai muka tsaya kan ƙarama.

Abu na biyu shi ne wanda ya kashe maganar rabin kuɗi. Farashin ƙaramar inshora ba ciniki ake yi ba kamar atamfa. Hukumar inshora ta ƙasa ce ke yanke mafi ƙarancin abin da za a karɓa, kuma kamfani mai rajista ba ya sauka ƙasa da shi. A Najeriya ma haka ne: daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da ake biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Saboda haka duk wanda ya ce zai yi maka rabin kuɗi, ka tambayi kanka: sauran rabin wa zai cika? Araha ba ta ado.

Alhamdu lillahi, yanzu ba kamar zamanin akori-kurata ba. Tun 2020 Gana ta buɗe rumbun bayanai na inshorar motoci. Ka danna *920*57# a waya, ka sa lambar mota, sunan kamfani da ranar ƙarewa su fito. Najeriya ma tana da nata, wanda ake kira NIID. Na sa yaron ya gwada da lambar motar wani abokinsa da ya yi inshora wurin mai rabin kuɗin nan. Babu abin da ya fito. Ban ƙara cewa komai ba, shi da kansa ya goge saƙon.

Na uku, gaskiya wajen cike takarda. Nan ne yaranmu ke faɗawa rami da sunan wayo. Wani abokina ya ba mu shawara: bar inshorar da sunanka, Alhaji, ka ce kai ke tuƙi, motar gida ce, ya fi sauƙi. Eh, ya fi sauƙi ranar biya. Amma kamfani yana sa farashi ne bisa abin da ka gaya masa: wa ke tuƙi, me ake yi da motar, kujera nawa, girman inji, shekarun motar. In ka ce ta kai yara makaranta ce a Kumasi, sannan hatsari ya faru a Aflawo, yaro ɗan 24 a sitiyari, but cike da bandir-bandir na atamfa, ka ba su hujjar jan ƙafa da hannunka. Balle in ya fara ɗaukar fasinja da yamma don neman na mai, wannan wani aji ne daban, da kuɗinsa daban. Mun gaya wa ma'aikacin komai yadda yake. Kuɗin ya ɗan ƙaru, na cika masa, na ce ya biya ni bayan sallah.

Na huɗu shi ne iyaka. Inshorar Gana a Gana take aiki. Da ka tsallaka Lome, abin da ke tsaya maka shi ne katin ECOWAS, wanda muke kira burawun-kad, mutanen Faransanci kuma su ce kart-burun. A Kwatano aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a 1982, don direban da ya yi hatsari a wata ƙasar yankin a samu mai biyan wanda ya ji wa ciwo, ba sai an tsare shi da motarsa har sai dangi sun tara kuɗi ba. Shi ma ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake biya. Ka tambayi kamfaninka ya ba ka takardarsa a hannu, ka duba lambar mota da kwanan wata sun yi daidai, ka kuma faɗa musu ƙasashen da za ka shiga su tabbatar maka. Masu zuwa Kamaru da Chadi su sani cewa can wani kati ne daban, na ƙungiyar CEMAC, wanda ake kira kart-roz.

To ina sauƙin yake, tunda farashin ƙarama a yanke yake? Ga inda muka same shi. Mun tafi ofishin kamfani da ƙafarmu, babu ɗan tsakiya da zai ɗora nasa. Mun zagaya kamfani uku, ba don farashi ba, don mu ji wanda ke da reshe kusa da inda zai zauna, saboda ranar tsautsayi ba ka son wanda sai ka hau mota awa shida kafin ka ga fuskarsa. Na tambayi direbobin tasha wane kamfani ke biya ba tare da wahalarwa ba, su suka fi kowa sani. Sannan ma'aikacin ya yi masa bayanin da ni ma ban sani ba da ina shekarunsa: mai babbar inshora da ya yi shekara bai kawo ƙorafi ba ana yi masa ragi, ragin kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Ya kuma ce duk ranar da zai sayi babbar, ya tambayi nawa ne kason da zai biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu, don sabon direba nasa yakan fi yawa.

Ranar tafiya uwarsa ta cika masa but da gari da yaji da kilishi. Ni kuma na ba shi leda mai zif: takardar inshora, katin ECOWAS, kwafin lasisi, da wata 'yar takarda da na rubuta da hannuna. In abu ya faru, fara da wanda ya ji ciwo, a kai shi asibiti. Ka sanar da 'yan sanda, ka ɗauki hoto, ka kira kamfani a ranar. Kada ka yi alkawarin kuɗi a bakin titi don mutane sun taru a kanka. Ranar ƙarewar inshorar kuma na sa a wayata da tasa.

Ya karɓa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, a sa mini albarka." Na ce Allah ya tsare, ya kai ka lafiya, ya sa takardar nan ta tsufa a cikin leda ba a taɓa buƙatarta ba. Da daddare ya kira ya ce ya sauka. A shingen da ke gaba da Sogakope ɗan sanda ya tsayar da shi, ya danna lambar motar a waya, ya duba, ya ɗaga masa hannu ya wuce.