Manhajar asibiti: wa aka tambaya kafin a ƙera ta?

A shekarar 2002 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da gagarumin shiri na mayar da bayanan marasa lafiya na Ingila kan kwamfuta. A 2011 ta sanar da rushe shi, kuma an ƙiyasta kuɗin da ya ci da kusan fam biliyan 10.

Cikin manyan dalilan rushewar akwai rashin tuntuɓar masu aikin. Daga sama aka ƙulla kwangiloli da manyan kamfanoni, cikin gaggawa, ba a zauna sosai da likitoci da nas-nas ba, alhali su za su riƙa shigar da bayanai, ga majiyyata na jira a layi. Idan manhaja ta ƙara wa nas aiki, to ga takarda nas ɗin za ta koma.

Manhajar DHIS2, wadda Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, wata hanya daban ta biyo. Tushenta Afirka ta Kudu ne, a shekarun 1990, inda masana, ciki har da na Jami'ar Oslo, suka zauna da ma'aikatan lafiya na gundumomi suka zaɓi bayanan da ake buƙata da gaske. A gwada, ma'aikata su yi ƙorafi, a gyara, a sake kawo musu.