Shin Ko Kun San? Ƙere-ƙeren da Aka Haifa a Tsakar Gida

Shin ko kun san cewa a giram ɗaya na acha akwai ƙwaya kusan 2,000? Wannan ƙanƙanta ce ta sa surfenta ya zama azaba. Duk matar da ta tashi a Kagoro, Zonkwa ko Kwoi ta san zancen: a zuba a turmi, wasu su haɗa da yashi don ya goge ɓawon, a daka, a sheƙe, a sake dakawa, sannan a zauna da ƙorai ana rege yashin nan. Awa biyu kan tafi a kan abin da bai fi kilo biyu da rabi ba. Kafin gwate ya hau wuta, kafaɗa ta yi tsami.

To, wannan wahalar ce ta hana wani malamin makarantar koyon sana'a a ƙasar Senegal, Sanoussi Diakité, sakat. Ya lura manoma suna barin noman acha saboda wuyar surfe kawai. Sai ya ƙera injin da ke murza ƙwayar da wasu faifai masu lanƙwasa, ɓawo ya fita, ƙwaya ba ta farfashe ba. Injin yana surfe kilo 5 cikin minti 8, kuma ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 1996. Yau kusan shekara talatin ke nan, amma a ƙauyukanmu da dama turmi da taɓarya ne ke aikin har gobe. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shin ko kun san cewa ɗan Najeriya ma ya karɓi wannan lamba a shekarar 2000, kuma da tukunyar ƙasa ya karɓe ta? Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya kuma fito daga gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tsatsowa ta bangon babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Alayyafo ya yi kwana 12. Tumatir da tattasai sun yi mako uku. An ba shi dala 75,000, ya zuba a yaɗa tukwanen. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne 'yan matan da ake turawa talla kullum don kada kaya su ruɓe sun samu sararin zuwa makaranta.

Sai dai mai son kwaikwayonsa a Kafanchan ya kula da abu guda. Tukunyar tana son busasshiyar iska. Da hunturu da bazara za ta yi aiki sosai, amma a watan Agusta, lokacin da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa a gindin duwatsun Kagoro, iska ta riga ta cika da laima, sanyin da za a samu kaɗan ne. Dutse daban, Kafanchan daban. Wanda ya auna wannan bambanci da ma'aunin zafi, ya rubuta abin da ya gani wata bayan wata, ya fara koyon ƙira da gaske.

Shin ko kun san cewa tun zamanin mutanen Nok ake warware matsalar gida da yumɓu a wannan yanki? A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Wani kan gunki da aka samu kusa da garin Jama'a a 1943 sai da ya yi aikin mutum-mutumi a gonar doya kafin ya isa hannun mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg a Jos. Ku dubi idanu da hanci da bakin gumakan, za ku ga an huda su. Masana suna ganin hudar tana ba iska mai zafi hanyar fita lokacin gashi, don kada yumɓun ya tsage. A 2021 kuma masu bincike daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka gano ragowar kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓarɓashin tukwanen da suka gwada. Wato shekaru 3,500 da suka wuce, ana sarrafa zuma a tukunya a nan.

Shin ko kun san cewa an taɓa tsara kwamfuta da yanayin Kafanchan a zuciya? Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 take kuma da mazauni a Bayan Loko, ta gaji da yadda kwamfutocin da ake kawowa daga Turai ke mutuwa. Abubuwa uku ne ke kashe su: zafi, ƙura, da wutar lantarki mai zuwa tana ɗaukewa. Ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna ExpLAN aka fito da samfurin Solo, wadda ba ta da fanka mai zuƙo ƙura, ba ta cin wutar da ta kai wat 10, kuma ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Abin da ya burge ni a nan shi ne tsarin tunanin: sun fara lissafa abin da ke kashe kayan, sannan suka zana sabo.

Shin ko kun san cewa murhun da ake kira Abacha ƙarancin kananzir ne ya yaɗa shi a shekarun 1990? Gwangwani, garin katako ko gawayi, sai dabarar maƙeri. Daga baya ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa murhun Save80, wanda ke girki da 'yan ƙirare, ya rage cin itace da kusan kashi 80 cikin ɗari. Lamarin ya wuce tsadar itace: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, galibi hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

Ko a Amurka matsalar gida ce kan haifar da ƙira. Sam Farber ya ga matarsa tana fama da abin fere kayan miya saboda ciwon gaɓoɓi, sai ya sa aka yi masa mariƙi mai kauri da taushi. Da haka kamfanin OXO ya fara a 1990.

Shin ko kun san cewa akasarin cittar Najeriya daga Kachia, Jaba da Kagarko take fitowa, kuma mafi yawanta da wuƙa ake tsagawa? Idan kaka ta yi, mata da yara kan wuni zaune gaban tsibin citta, ana tsaga ta a tsaye ɗaya bayan ɗaya kafin a shanya. Hannu ya yi kanta, yatsa ya yanku, yaji ya shiga ciwon. Wuyar ƙera mata inji ita ce citta ba ta da siffa ɗaya, kowace da nata 'yan yatsu, masu saye kuma tsagaggiya suke so, ba markaɗaɗɗiya ba. Bayan annobar da ta cinye gonakin citta a 2023, manomin da ya tsira da buhu goma ba zai yarda inji ya ɓata masa ko ɗaya ba.

Ga ɗaliban jami'ar jihar Kaduna reshen Kafanchan, da na kwalejin ilimi ta Gidan Waya, da na sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia, aikin nan yana jiran ku. Ku je ku zauna da masu tsagar, ku tambayi Mama inda wuƙa ta fi zamewa, ku auna kwano nawa take gamawa a awa. Ku fara da katako da tsohuwar wuƙa, ku ba ta ta gwada, ku saurari ƙorafinta, ku gyara. Sai ta ce ya yi kafin ku kai wa mai walda, kuma ku tabbatar duk wani ƙarfe da noti da ke jikinsa ana samunsa a kasuwar Kafanchan ko ta Kwoi, a farashin da mata biyar za su iya haɗawa da kuɗin adashi.